Wayoyin da Sharhabil Ya Naɗe da Salatif

'Ya'yana, akwai wani ma'aikacin gwamnati a Unguwar Kanawa, sunansa Sharhabil. Ba shi da mugun hali. Matsalarsa ɗaya ce: in abu ya ɓaci, kowa zai iya zama mai laifi ban da shi.

Mahaifiyarsa, Inna Magajiya, tana fama da hawan jini, kuma tana yawan manta shan magani. Shi kuwa yana da hannu a harkar lantarki. Sai ya ce zai haɗa mata abin tuni.

Ya samo wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, tsirara, ba murfi. Saura ɗan allo mai layi biyu, wanda zai riƙa rubuta lokacin magani. Wayoyi huɗu ne ke haɗa su: biyu na wuta, biyu na kai saƙo.

A Doka ya sayi allon, a shagon Caleb, abokinsa tun firamare. Caleb ɗin nan a gidan Inna Magajiya ya sha cin tuwo yana yaro. Ya miƙa masa ya ce, “Tafi da shi ka gwada, mutumina. Ka gaida Mama.”

Sharhabil ya jona wayoyin. Don kada su riƙa warwatsewa, ya jera su huɗun ya naɗe da salatif, suka zama kamar kitso ɗaya.

Allo ya kawo haske shuɗi. Amma rubutu babu. Ya sa kwamfutar ta duba ko akwai abin da ke jone da ita, ta nuna masa ba ta ga komai ba.

Ya koma Doka ransa a ɓace.

“Caleb, gawa ka ba ni.”

“Haba Oga! Sabo ne fil. Ka duba wayoyinka kuwa?”

“Ni za ka koya wa jona waya?”

Caleb ya yi dariya, ya ba shi wani. Sharhabil ya zo gida, ya zare wancan, ya cusa kitson nan nasa a jikin sabon. Haske kawai. Aka ba shi na uku. Haske kawai.

Ya goge kwamfutar ya sake zuba mata komai. Ya canza caja. Ya ma aro wata kwamfutar wurin wani a Badarawa. Duk ɗaya.

Daga nan sai ya ɗauki wayarsa. Suna da wani zaure na WhatsApp, na masu sha'awar irin wannan aiki. Ya ɗauki hoton allunan uku ya tura, ya rubuta a ƙasa cewa kowa ya yi hattara da shagon Caleb, matattun kaya yake sayarwa.

Caleb ya gani.

Ranar Asabar da hantsi, Inna Magajiya ta tarar da ɗanta a falo yana tsaki, yana tura allunan cikin leda.

“Ina kuma za ka da su?”

“Zan je in watsa masa kayansa, Inna.”

Ta zauna, ta daɗe tana kallon tebur. Ta ce, “Ni ban san kan wannan abu naku ba. Amma na ga ka canza allo har uku, ka canza na'ura, ka canza abin caji. Wannan ƙullin da ka naɗe fa? Tun ranar farko nake ganinsa, shi ba a taɓa shi?”

“Inna, wannan ai daidai yake. Ni na haɗa shi.”

“To, ai shi ke nan, tunda kai ka haɗa.”

Ta tashi ta bar shi.

Ya ajiye ledar, ya jawo kitson nan. Ya warware salatif ɗin, ya kai allon bakin taga, ya karanta 'yan haruffan da ke kusa da inda ake cusa wayoyin. Na wuta suna daidai, shi ya sa haske ke zuwa. Na saƙon nan biyu kuwa, ya sa wannan a gurbin wancan. Tun ranar farko.

Ya musanya su. Nan take kwamfuta ta ga allo. Rubutu ya fito: “Inna, lokacin magani.”

Ya gwada na biyu. Ya gwada na uku. Duka lafiyarsu ƙalau.

Da yamma ya je Doka, ya tsaya a bakin shago kamar baƙo.

“Caleb, laifina ne. Wayoyi na juya. Ka yafe mini.”

Caleb bai ɗago daga abin da yake gyarawa ba. Ya ce, “Na yafe tun tuni, don Mama. Amma a zaure ka zubar, Malam Sharhabil. Can za ka je ka kwashe.”

A tsaye a wurin Sharhabil ya rubuta cewa laifinsa ne, allunan Caleb lafiyarsu ƙalau, ya tura zauren. Mutum biyu suka sa hoton babban yatsa, alamar yabo. Wani malamin makaranta da ya yi niyyar sayen kayan ɗalibansa wurin Caleb ya amsa da cewa, ayya, ai ya riga ya saya a wani wuri.

Har yau suna gaisawa. Caleb yakan ce a gaida Mama. Amma in Sharhabil ya zo sayen abu, sai Caleb ya jona shi a gabansa, ya ce, “Ka gani da idonka ko, Malam?”

“Tafi da shi ka gwada, mutumina” kuwa, bai ƙara jin ta ba.

Darasi: In abu ya ƙi, fara warware ƙullin da ka ɗaura da hannunka kafin ka ɓata sunan wani. Waya in an juya ta takan gyaru nan take, suna kuwa ba ya komawa yadda yake. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu saurin yatsa.