Ƙashin da Ya Rasa Ƙugiya

Ku matso ku ji wannan, in na gama ku raba gardama.

Malam Tanimu maɗori ya shekara hamsin yana ɗora karaya a Funtuwa. Kafin ya rasu ya sa aka rubuta iliminsa kaf a kwamfuta. 'Ya'yansa uku, Uwani da Sabo da Lawandi, suka kai aikin wata maɗaba'a.

Ashe injin mai maɗaba'ar bai san haruffa masu ƙugiya ba. Maimakon ya faɗa musu, sai ya umarci kwamfuta ta mai da kowace ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b, da dannawa ɗaya. Ya kuma adana a kan na asali, na asalin ya goge.

Uwani, babbarsu, ita ta je duba samfur. Tana buɗewa ta ga an rubuta: "A rika shafa kashi a hankali."

Ta ce wa mai maɗaba'ar, "Malam, mahaifin namu ne mai shafa kashi?"

Ya ce, "Hajiya, ai duk ɗaya ne, mai karatu zai gane."

"Duk ɗaya a gidan wa?"

Ta tsaya gaban injin, ta rantse ba za a buga shafi ko ɗaya ba. Da ba ta je ba, da kwafi dubu sun shiga gari, an mai da tsohon abin dariya.

Sabo shi ya san kwamfuta. Da farko ya mai da duk kashi ƙashi, sai ga "raba garin maganin ƙashi uku", alhali rabo uku ake nufi. Uwani ta kusa marinsa. Ya soke wannan, ya zauna ya tsamo kalmomin littafin ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ba su da kishiya, irin su ƙugu da ƙirji, ya gyara su gaba ɗaya. Masu fuska biyu, kashi da ƙashi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, ya ware su, wuri ɗari huɗu da 'yan kai.

Nan aikin ya tsaya. A wurare da yawa jimlar na karɓar kowace, kuma kuskure guda na iya gurgunta mutum.

Lawandi bai yi boko ba, amma shi ya riƙe wa mahaifinsu majinyata shekara ashirin. Kwana uku ana karanta masa yana cewa, "A'a, Baba ba haka yake faɗa ba." Bai bar ko ɗaya cikin shakka ba.

Littafi ya fito daidai. Sai kawunsu ya ɗauko jakar fatar da marigayin ke zuba kayan ɗori, ya ce ta wanda ya ceci littafin ce, kuma ba a raba ta.

To jama'a, tsakanin Uwani da Sabo da Lawandi, wa za a miƙa wa jakar?