Gaisuwar da Aka Hana a Birnin Marke

An yi wani sarki a ƙasar da ke ƙetaren babban kogi, sunansa Zubairu, wanda masu tarihi suka yi ittifaƙi a kan cewa mutumin kirki ne, ko da yake ba a ji cewa sun tambayi waɗanda suka zauna a ƙarƙashinsa ba.

Yana saurayi mahaifinsa ya tura shi gabas neman ilimi, yana can wata damina kogi ya sauya hanya ya bi ta tsakiyar birninsu, Marke. Da ya dawo sai ya tarar da ruwa kwance a inda ya bar fada da kasuwa da ɗakin mahaifiyarsa, ba a ga gawa ba, ba a haƙa kabari ba. Tsirarun da suka kuɓuta suka naɗa shi sarki, suka shimfiɗa tabarmi don zaman makoki. Ya ce a naɗe su, shi bai ga abin da za a yi wa zama ba.

Sai ya hau tudu ya sa aka gina Marke ta biyu, lungu da lungu, yadda ya bar ta ranar da ya fita: marina a arewa, rumfar mahauta kusa da ƙofa, har da katangar liman da ta karkace, wadda magina suka sha wahala kafin su iya karkata ta daidai. Da aka gama ya zaga, ya ga gidaje sun yi, saura mutanensu. Daga nan ya kafa doka cewa duk baƙon da ya shigo za a ba shi sunan wani mutumin tsohuwar Marke, da gidansa, da sana'arsa, a ci da shi a sha da shi, amma ƙofa ba za ta sake buɗe masa ba. Wanda ya amsa sunansa na yanka, ko ya ambaci ruwan nan, marin ƙarfe a ƙafa ne rabonsa. In mai riƙe da wani suna ya cika, sai a fitar da shi ta ƙofar baya ba hayaniya, a naɗa wani. Ta haka Marke ta zama birni ɗaya a duniya da ba a mutuwa, kuma ba a ga mutanenta sun fi na wani wuri fara'a ba.

Da yake sarkin yana son a ce da shi adali, ya bar kafa ɗaya. Ya ce wanda ya faɗi abin da ke tsohuwar Marke, babu shi a sabuwa, kuma sarki ya kasa samar da shi, to ya fita shi da abokan tafiyarsa. Mutane suka yi ta gwadawa. Wani ya ce akwai ɗorawa bayan masallaci, aka dasa. Wani ya ce akwai gurgun jaki a bakin kasuwa, aka nemo. Sarki yakan yi musu godiya ta haƙiƙa, su kuwa su koma gida sun ƙara wa kurkukunsu kyau.

Ana nan, wata bazara, ayarin fatake masu kanwa ya biyo ta wurin, rijiyoyin hanya sun ƙafe, suka hango ganuwa suka shiga neman ruwa. Madugunsu wani dattijo ne, Barmo. A cikin ayarin akwai wata mace mai suna Tabawa, wadda ta biyo su don ta isa garin da 'yarta ke aure. Yarinyar na da cikin fari, ya tsufa, kuma Tabawa ta yi mata alkawarin cewa ita za ta dafa mata ruwan wankan jego da hannunta.

Waziri Ɗalhatu ne ya tarye su, mutum mai taushin murya wanda ya daɗe da daina jin kunyar aikinsa. Ya yi musu barka da zuwa, ya karanta musu doka, ya shiga rabon sunaye. Madugu ya zama Bawa mai rini. Da ya zo kan Tabawa sai ya tsaya yana dubanta.

Ya ce, "Baiwar Allah, kin yi sa'a. Ɗakin Iya, mahaifiyar sarki, babu kowa tun watan jiya, kuma tsawonku ɗaya."

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ina waccan Iyar ta tafi?"

Waziri ya ce, "Ba ta tafi ko'ina ba. Ga ki nan tsaye."

Fatake ba su karɓi abin da sauƙi ba. Samarinsu suka ƙi amsa sababbin sunaye, aka sa musu mari, bayan 'yan kwanaki suka gane cewa Tanko da Nomau ma sunaye ne masu kyau. Barmo kuwa ya zauna bakin marina yana ɓata shunin sarki, hannuwan da suka san ragamar raƙumi suka koma baƙi ƙirin.

Abin da ya fi damunsa shi ne ya san Marke ta gaske. Yana saurayi ya sha sauka a zangonta tare da ayarin mahaifinsa. Idan ya bi lungu sai ƙafarsa ta gane kwana tun kafin idonsa, har ya buɗe baki zai kira wani da ya sani, sai baƙuwar fuska ta leƙo ta amsa. Ya gwada sa'arsa gaban sarki sau ɗaya, ya ce a tsohuwar Marke akwai kwatami mai wari bayan rumfar mahauta. Sarki ya lumshe ido ya ce, "Wallahi ka yi gaskiya, na manta da shi." Kafin mako ya zagayo an samar da warin, maƙwabta suka daina gaida Barmo.

Wata rana da hantsi Tabawa ta zo marina da lulluɓin Iya, dogari na biye da ita daga nesa.

Ta ce, "Madugu, ko in ce Bawa, sannu da ɓarna."

Ya ce, "Yauwa, uwar sarki. Ke aka ba ɗaki mai daɓe, ni aka ba ni rami."

Ta ce, "Zo mu yi musaya, ka ɗaura zanin. Kullum da safe sarki, dattijo mai furfura, ya zo ya durƙusa gabana, in ce Allah ya yi maka albarka, ka ci abinci? Shi ke nan aikina. Ni kuwa hankalina na wurin yarinyar can. Ko yau ko gobe ne, Madugu. In ta haihu ba na nan, wa zai riƙe ta? Za ta yi ta duban ƙofa."

Barmo ya ci gaba da juya shuninsa.

Ta rage murya ta ce, "Na lura da wani abu. In ya durƙusa ba ya duban fuskata, ƙafata yake duba. Ya san ba ita ba ce. Mutumin nan ba mahaukaci ba ne, maraya ne da ba a yi wa gaisuwa ba. Na tambayi Waziri, ya ce ko mutum ɗaya bai taɓa ce masa ya haƙuri ba."

Barmo ya ce, "Ambaton ruwan nan mari ne."

Ta ce, "Wa ya ce ka ambaci ruwa? Kai ba bafatake ba ne? In kun sauka garin da kuka daɗe ba ku zo ba, me kuke fara yi kafin ku kwance kaya?"

Al'adar fatake ce tun kaka da kakanni, in sun dawo gari bayan doguwar tafiya, ba sa ciniki sai sun bi gidajen da aka yi rashi a bayansu sun yi gaisuwa, ko da an yi shekaru, domin a wurinsu gaisuwar mutuwa ba ta tsufa. Barmo ya dubi hannuwansa, ya ce zai yi, amma in aka sare masa kai ta gaya wa iyalinsa cewa mace ce ta ba shi shawara.

Washegari da fada ta cika, sai ga mutanen ayari gaba ɗaya cikin kayansu na tafiya. Ba su faɗi sun yi gaisuwar fada ba. Suka tuɓe takalma, suka zauna a ƙasa, suka sunkuyar da kai kamar yadda ake yi a gidan rasuwa. Tabawa ta fito daga ɗakin Iya da tsohon zaninta, ta zauna a bayansu. Dogarai suka dubi Waziri, Waziri ya shiga duban rufin soro kamar yau ya fara ganinsa.

Sarki ya ce, "Bawa mai rini, mene ne wannan?"

Madugu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Bawa mai rini na san shi, yana da haƙori ɗaya tak a gaba, kuma ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba. Ni Barmo ne ɗan Madugu Jatau. Na zo in faɗi abin da ke tsohuwar Marke wanda babu a nan, kuma ina neman afuwa, don tun ranar da na sauka ya kamata in yi. A Marke da na sani, in mutum ya yi rashi, ana zuwa a zauna da shi."

Sarki ya ce, "Ba a yi rashi ba. Ka kula da harshenka, dattijo, ƙafarka ta tsufa da ɗaukar mari."

Barmo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ƙafa taka ce, sai yadda ka yi da ita. Amma na ci abincin Iya, akwai haƙƙinta a kaina. Duk ayarin da ya sauka, sai ta aiko da fura a babbar ƙwarya mai ɗinki a gefe, ta biyo bayanta da faɗa: jakunanmu sun ci mata dangar gida, mun cika surutu, mu ƙazamai ne. In mun tashi tafiya kuma ta sa a cusa mana ƙuli-ƙuli a mangala, ta ce kada mu sake dawowa. Wannan da aka ajiye a ɗakinta tana sa albarka kullum safiya. Iyar da na sani sai ta yi maka faɗa sau uku kafin ta sa maka albarka sau ɗaya."

Wani abu mai kama da dariya ya kuɓuce wa sarki. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ranar da zan tafi ma faɗa ta yi mini. Wai na naɗa rawani kamar mai tallan albasa."

Sai Barmo ya ɗaga hannuwansa masu shuni ya ce, "Ya muka ji da haƙuri, ranka ya daɗe? Allah ya jiƙan Iya, ya gafarta mata, ya sa ta huta. Allah ya jiƙan mahaifinka, da liman, da Bawa, da dukkan mutanen Marke, ya kyautata namu zuwan."

Duk wanda ke wurin ya ga inda aka tsayar da sarki. In ya ce amin, ya yarda da bakinsa cewa sun mutu, birninsa ya zama gini kawai. In ya ƙi, ya zama ɗan da aka roƙa wa uwarsa rahama a bainar jama'a ya hana. Zai iya sa a dasa bishiya, ya sa a nemo jaki, amma wannan ba maginin da zai yi masa. Hannuwa na sama, ba wanda ya sauke, har fadawan da suka tsufa cikin dokar aka ga tafukansu sun buɗe a kan gwiwa.

Sarki ya dubi tafukan nan. Sa'an nan ya sauko daga karaga, ya zauna a ƙasa cikin jama'a, ya ce, "Amin."

Aka shafa. Mutane suka shiga tasowa ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu, kowa na faɗin sunansa na gaskiya, waɗansu sai da suka ɗan yi tunani kafin su tuna. Sarki ya yi kukan da ya jinkirta tun yana saurayi, kuma an ce bai fi na sauran mutane kyan gani ba.

Da ya natsu ya ce, "Waziri, ka san wannan amsa?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na yi zarginta. Amma ni an tsare ni da albashi ne, su da ganuwa, kuma na ganuwa sun fi saurin tunani."

Sarki ya sa aka buɗe ƙofofi duka, ya ce mai son tafiya ya tafi da guzuri, mai son zama ya zauna da sunansa da gidan da yake ciki halak malak. Ya ba Barmo alkyabba da raƙuma, ya yafe wa ayarinsa kuɗin fito muddin ransa. Ya juya ga Tabawa ya ce ta roƙi abin da take so.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, abin hawa mai sauri, yanzu."

Aka ba ta taguwa, raƙuma mai gudu, da 'yan rakiya, ta fita ba ta ko waiwayi ɗakin mai daɓe ba. Ta isa ta tarar an haihu da kwana biyu, namiji, uwar miji ta riga ta ɗora tukunyar wanka. Tabawa ta gaishe ta da ladabi, ta taɓa ruwan, ta ce bai yi zafi ba, ta karɓi aikinta.

Masu hikima da suka ji labarin suka ce: sarki na iya raba wa talakawansa kowane irin kaya su taya shi ɗauka, ban da baƙin cikinsa, kuma adalcinsa yana farawa ne ranar da ya ɗauki wannan da kansa.