Gajeren Maharaja da Mangwaron Ƙoli

Ku matso ku sha labari. A wata daula ta ƙasar Indiya an yi wani Maharaja, wato babban sarki, mai suna Gopinat, gajere duƙus. Ya kafa doka, duk wanda kansa ya wuce nasa, sai kurkuku. Shi ya sa kowa a fada a duƙe yake tafiya, har waziri.

Wata rana ya hango nunannen mangwaro a ƙolin bishiya. Ya kira Dulari, tsohuwa mai kula da lambu.

"Hau ki tsinko mini wancan. Ban da sanda, kada ya fashe!"

"Ranka ya daɗe, in na hau ai kaina zai wuce naka."

"Kurkuku ke nan!"

"In na ƙi fa?"

"Kurkuku!"

Dulari ta yi murmushi. "To, da sauƙi. Kai ka hau tsani a gaba, ni in biyo ka a baya. Doka ba ta karye ba."

Maharaja ya yi tsalle don murna. Ya tattare riga, ya hau yana haki, Dulari na biye da shi, har mangwaron ya taɓa rawaninsa.

"Tsinko mana!" in ji Maharaja.

"In na miƙe zan wuce ka. Hannunka ya fi kusa."

Ya tsinke, ya haye reshe, ya kama sha. Dulari ta sauko, ta janye tsanin. Fadawa suka miƙe sambal, bayansu na ƙara ƙas-ƙas.

Maharaja ya daka tsawa, "Maido tsanin nan!"

"Sha a hankali, ranka ya daɗe," in ji Dulari. "Yau ka fi kowa tsawo, kuma ba mai ciwon baya!"