Cinyar da Kuku Ya Kife

Ina da wani yaya, mu a gida Kuku muke ce masa. Ya ɗan taɓa aiki a wani gidan abinci, wanke-wanke ne fa yawanci, amma tunda ya dawo ba wanda ya ƙara iya girki a duniya sai shi. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya yarda a ce ya yi kuskure. Ko gishiri ya yi yawa sai ya ce harshenka ne ba lafiya. Duk gidan mun gaji da shi, in ban da Kaka, mahaifiyar Baba. Idonta ya yi rauni sosai, inuwa-inuwa take gani, amma duk wanda ya taɓa Kuku da ita zai yi. Maigidana take ce masa, kuma abin da ya ɗora mata a faranti ci take ba tambaya.

To ranar nan Anti, babbar yayarmu, za ta zo cin abincin yamma da mijinta, wani makanike mai shegen tsokana. Kuku ya ce kowa ya fita daga kicin, shi zai yi gasasshiyar kaza da shinkafa a oben. Irin wadda ake zuba ɗanyar shinkafa a tire da romo, a jera kaza a kai, a rufe da takardar nan mai ƙyalli, su dahu tare.

Tun da safe Mama ta ce, "Kuku, fito da kazar nan daga firji ta saki."

"Mama, na san aikina."

Ya kwanta yana ta danna waya. Sai da rana ta yi sanyi ya tuna. Kazar nan kamar dutse, wallahi da ka jefi mutum da ita sai asibiti. Ya ɗan watsa mata ruwan zafi, ya shafe ta da tafarnuwa da kayan ƙamshi, ya cusa a oben haka nan.

Baƙi suka iso abinci bai yi ba. Makanike ya leƙa kicin ya ce, "Ranka ya daɗe babban kuku, yau za mu ci ko mu dawo gobe da sassafe?"

Kowa ya yi dariya. Kaka ta ce, "Ku ƙyale min maigida, abu mai daɗi ba a yi masa gaggawa."

Maganar makanike ta ci shi. Ya yaye takardar, ya ƙure wuta. Nan da nan fatar kazar ta yi ja, tana ƙyalli, ƙamshi ya cika gidan. Shi ya yanka, shi ya zuba wa kowa a kicin, bai bar ko Mama ta kama masa ba. Mu aka ba mu fukafukai da gefe-gefen da suka dahu. Shinkafar da ɗan tsatsa amma ana ci. Kaka kuwa cinya guda aka kai mata, babba, a kife kan shinkafa.

"Kun ga ta masu gida," in ji makanike.

Kaka ta lalubi naman ta kai baki. Ta ɗan tsaya. Sai ta ci gaba da ci, a hankali, har ta kusa cinyewa. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Kuku sai washe baki yake.

Da Mama ta zo kwashe kwanuka ta ga ƙashin, jikinsa jajir, naman da ya rage a kai ɗanye shar. Ta nuna wa Kuku. Ya ce ai haka kalar kazar gidan gona take, ita ce ba ta sani ba.

Washegari Kaka ta fara amai da gudawa. Tsohuwa ce, jikin ba ƙwari, kafin wani lokaci ta galabaita ko zama ba ta iyawa. Aka kwantar da ita a asibiti aka sa mata ruwa. Baba ko kallon Kuku ba ya yi. Shi kuma yana ta cewa ƙila ruwan sha ne, ƙila maganinta ne.

Ranar da ta ɗan farfaɗo ina zaune a gefen gadon, Mama na goge mata fuska, sai ga Kuku ya shigo da lemo a leda. Ta gane takunsa.

"Kai ne?"

"Ni ne, Kaka. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Matso." Ya matso ta kama hannunsa. "Tun loma ta farko na ji naman bai yi ba. Idona ne ya tafi, bakina yana nan. Na ci ne don kar mijin yayarka ya samu abin faɗa a kanka. Wannan ni na zaɓa, ba komai. Abu ɗaya zan tambaye ka. Da ka yanka, ka ga jinin?"

Ya kawar da kai yana kallon ledar lemon.

"Ka gani?"

"Na gani," ya ce, muryar can ƙasa.

"Shi ya sa ka kawo wa wadda ba za ta gani ba."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Sakin hannunsa kawai ta yi ta juya fuska bango.

Ta warke, alhamdulillahi, ta dawo gida. Suna gaisawa, tana sa masa albarka kamar kowa. Amma ranar da ya dafa mata wani abu da hannunsa ya kai mata har ɗaki, ta karɓa ta gode, sannan ta kira sunana. Yana tsaye a wurin ta miƙo min farantin ta ce, "Duba min wannan tukuna."

Darasin da ke ciki, 'yan uwa, kuskure ba abin kunya ba ne, kowa yana yi. Da Kuku ya fito ya ce a ƙara haƙuri kaza ba ta dahu ba, iyakaci a yi masa dariya a manta. Amma ya zaɓi ya ɓoye, kuma ya ɓoye a farantin wadda ta fi kowa yarda da shi, don ya san ita ce ba za ta kama shi ba. In girman kai ya hana ka cewa na yi kuskure, mai ƙaunarka ne zai sha wahalar, kuma yardar da ka zubar ba a mayar da ita oben ta ƙarasa dahuwa.