Dattijon da Ya Tsaya Gaban Majigi

Fim ɗin da ya buɗe da addu'a ya rufe da ɗaurin aure a majami'a, babu abin da Shaiɗan zai iya cusawa a tsakiyarsa. Ya 'yan'uwa, an taɓa yin wani dattijon ikilisiya da wannan ce koyarwarsa, kuma ba a ɓoye yake faɗinta ba.

Tsohon shugaban makarantar sakandare ne, digirinsa biyu. Shi ne shugaban kwamitin da ke tace finafinan da ake nuna wa iyalai ranar Lahadi bayan sujada. Su uku ne a kwamitin, biyu aikinsu gyaɗa kai.

Ga yadda yake tacewa. Sai ya kalli minti biyar na farko, ya ja fim zuwa minti biyar na ƙarshe. In ya ga addu'a can, ya ga amarya da ango nan, sai ya ɗauko takardar kwamiti ya sa hannu ƙarƙashin layin da ya ce, "Na kalla daga farko har ƙarshe." Cewa yake ƙwararren malami daga gabatarwa da kammalawa yake gane ɗalibi.

Yana da 'ya ɗaya, malamar makarantar Lahadi, da zoben alkawari a yatsarta. Uwar saurayin gwauruwa ce mai shagon yadi, mace mai tsanani, kuma da rabin baki ta amince. Ta ce sai ta ga tarbiyyar gidan da idonta kafin a sa rana. Dattijo ya ga dama ta samu. Ya gayyace ta kallon fim ɗin soyayya na masu bi, ya ware mata kujera a layin gaba.

Ranar Asabar 'yar ta same shi a falo.

"Baba, na saka maka a kwamfuta kamar yadda ka ce. Amma akwai jan rubutu a kusurwa, wai ba na yara ba ne. Ka kalla duka?"

"Ke za ki koya mini aikina? Jarumin da Littafi Mai Tsarki a hammata yake fitowa."

"A farkon fim ke nan, Baba. Ba mu san inda ya ajiye shi daga baya ba."

Ya kalle ta ta saman tabarau.

Ranar Lahadi zaure ya cika. Yara kusan sittin suna zaune a ƙasa gaban bango, iyaye a benci. 'Yar ta kunna fim, ta shiga ɗakin baya tana shirya wa yara ruwan sha. Dattijo ya zauna kusa da mai shagon yadi, yana nuna mata kowace aya da ta fito daga bakin jarumi, kamar shi ya rubuta.

Wajen minti arba'in, jarumi ya raka jaruma gida domin su yi addu'a tare. Ba zan faɗi abin da ya biyo baya daga wannan wuri mai tsarki ba. Zan dai ce Littafin ya zauna a kan tebur shi kaɗai, kyamara kuma ba ta tsaya tare da shi ba.

Wata uwa mai yara huɗu ta gano hannayenta biyu ne kacal. Wata tsohuwa da kunnenta ya yi nauyi ta tambaya da ƙarfi, "Wace irin addu'a ce wannan?"

Dattijo ya ruga wajen kwamfuta. Ya danna wani abu, sauti ya ƙaru. Da ya rasa dabara, sai ya tsaya gaban majigi ya buɗe hannaye domin ya tare hoton. Farar riga ya sa ranar, kuma Ubangiji ya yi masa faɗin ciki. Hoton ya bar bango ya sauka a jikinsa, tar, ya fi na bangon fitowa. A haka ya tsaya har fasto ya lallaba ya zare waya daga soket.

Mai shagon yadi ta miƙe, ta gyara zaman jakarta.

"Dattijo, wa ya kawo mana wannan?"

Ya 'yan'uwa, har zuwa wannan lokaci abin kunya ne kawai, irin wanda ake dariyarsa bayan shekara. Kalma uku ce ta rage masa: "Ni ne, yafe." Amma ya tuna digiri biyu, ya tuna shekara ashirin yana dattijo. Ya hango 'yarsa a bakin ƙofa da farantin kofuna.

"'Yata ce ta saka shi a kwamfuta," ya ce.

Ku lura, babu ƙarya ko ɗaya a cikin kalmomin. 'Yar ta dube shi. Ta ajiye farantin a hankali kada kofi ya faɗi.

Kafin Laraba, iyaye bakwai sun janye yaransu daga ajinta. Bayan mako uku majalisar dattawa ta buɗe fayil, ta ga sa hannunsa ƙarƙashin wancan layi. Aka sauke shi. Mutumin da a da ake miƙewa in ya shigo, yanzu in ya ce ana ruwa sai an leƙa taga.

Kuna tambayata ko irin waɗannan finafinai sun dace da gidan Kirista? Ni ma in tambaye ku: wa ya kalla kafin 'ya'yanku? Gicciye a jikin hoton talla ba baftisma ba ce. Mai sayarwa ya san aya ce ke buɗe ƙofarku, shi ya sa ya sa ta a gaba. Amma ba fim ne ya rushe gidan nan ba. Uba ne da ya ce ya gani alhali bai gani ba, da aka kama shi kuma ya tura 'yarsa gaba.

Da gaskiya ta fito, an je an sanar da mai shagon yadi. Ta ce ta gode, yanzu ta ga gidan sosai: in laifin 'yar ne, ba ta son haɗa zuri'a da su, in na uban ne ma, ba ta so.

'Yar ce da kanta ta sa zoben a ambulan ta kai shago. Ta gaishe da matar da ladabi, ta tambayi ciniki. Ta dawo gida ta tarar da ubanta a falo, ko labule bai ɗaga ba. Ta ɗumama abinci ta ajiye a gabansa.

"Ka ci tun da zafi, Baba."

Ubangiji ya tsare idanun 'ya'yanmu, ya kuma tsare su daga bakinmu ranar da kunya ta kama mu. Amin.