Mutumin da Ya Saci Wutar Baranda

An yi wani mutum a nan unguwar Danau Kota ta ƙasar Malayu, a shekarun da ɗalibanmu suka cika wani bene mai hawa ashirin. Wanda ya zauna a gidan nan ya san daɗinsa. Mu da Malayu da 'yan Sin, kowa yana ba da nasa kason duk wata. Da shi lif ke aiki, ruwa ke hawa sama, a kwashe shara, a haska baranda. Ranar Asabar matanmu su dawo daga kasuwar Chow Kit da kifi, maƙwabta na riƙe musu ƙofar lif.

Mutumin nan digiri na uku ya zo yi. Sai ya sayo injinan haƙar kuɗin intanet, masu zuƙar wuta ba hutawa. Don kada mitarsa ta nuna, ya jawo waya daga layin baranda, wutar kowa da kowa.

Maƙwabcinsa Abdussalam ya gani, ya ce, "Malam, wannan haƙƙin jama'a ne fa."

Ya ce, "Boleh lah, ba komai. Wutar gida ce, wa na cuta?"

Ya 'yan uwa, wa ya cuta? Kuɗin wuta ya ninka, asusun gida ya gaza. Kwamitin gidan ya kashe lif ɗaya, ɗayan ya sha lodi har ya tsaya. Inno, tsohuwar da ta zo daga Gombe zaman jegon 'yarta, ta kama matakala da ƙafa. A hawa na tara ta faɗi, ƙugunta ya karye. Mutumin ya je dubiya har da lemo, amma bai cire wayar ba.

Wata Juma'a muna masallaci, wayar ta kama da wuta. Allah ya tsare rayuka, amma ɗakinsa ya ƙone ƙurmus, 'yan kwana-kwana kuma suka gano satar. Jami'a ta kore shi saura wata huɗu ya gama. Aka ɗaure shi, daga gidan yari aka sa shi a jirgi zuwa gida. Masu gidaje suka daina ba mu haya a benen, muka watse.

Ya 'yan uwa, abin jama'a yana da masu shi, kuma suna da yawa. Wanda ka zalunta shi kaɗai, ka san ƙofarsa, za ka je ka roƙi gafara. Wanda ya ci haƙƙin gida ɗari uku, ƙofa nawa zai buga?

Allah ya tsare hannuwanmu daga haƙƙin jama'a, ya kiyaye mu da zuriyarmu. Amin.