Auren Da Ambaliya Ta Ɓoye

Akwai wata mata baƙar fata a yammacin jihar Alabama, sunanta Odessa Pruitt. Ku gyara zama, jama'a, don tun da aka ba ni labarinta nake ɗokin kawo muku shi.

Odessa ta shekara talatin tana dafa wa 'yan firamare abinci kafin ta yi ritaya. Shekarunta sittin da bakwai, amma akwai magana ɗaya da ke ci mata rai tun tana yarinya. Mahaifinta, Cleon Hargrove, ya rasu a injin katako tun tana ciki. Kakarta ta wajen uba ta tsaya kai da fata cewa ɗanta bai taɓa auren Lula, mahaifiyar Odessa, ba. Takardar auren ta ƙone tare da ɗakin hayarsu, Lula kuma ta rasu Odessa na da shekara tara.

Abin da ya rage mata magana ɗaya ce da uwar ke yawan faɗa tana dariya: "Ranar aurena, takalmana a hannu na shiga gaban alƙali."

Duk watan Yuli dangin Hargrove na taruwa a filin cocinsu, a soya kifi, a gasa haƙarƙari, kowa sanye da riga iri ɗaya. Bana Vernon, ɗan ƙanen mahaifinta, ya ce za a buga bishiyar zuri'a a bayan rigar. Vernon tsohon ma'aikacin inshora ne a Atlanta, mutum ne mai ji da kansa, wanda in ya duba abu a wayarsa to magana ta ƙare.

Da ya turo hoton bishiyar, Odessa ta ga reshen Cleon a guntule. Babu Lula, babu ita. Nan take ta kira shi.

"Yaya Dessa, kar ki ɗauke shi da zafi," in ji Vernon. "Ni da takarda nake aiki, ba da hirar tsofaffi ba. Na duba intanet kaf, na je kotun gunduma da ƙafata, babu auren nan. Kawo min takarda kafin Juma'a ta wuce, in sa ku."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Jakarta ta ɗauka.

Ta fara da ofishin lafiya, inda ake iya duba rajistar auren jihar baki ɗaya. Aka duba, babu. Ta wuce kotun gunduma, ɗakin da ake ajiye manyan littattafan aure da na filaye, kowanne da nauyin jariri. Ta wuni Laraba tana bin layi da yatsa, ta wuni Alhamis. Babu Cleon, babu Lula.

A ɗakin akwai wani tsoho farar fata, Mista Harlan Tuggle, mai shekara tamanin da biyar. Ya ƙarar da rayuwarsa yana bi wa lauyoyi tarihin filaye, yanzu kuma zuwa kawai yake don gida ya yi masa shiru. Allah ya zuba masa surutu. Ka ce masa ina kwana, sai ya ba ka labarin kakan mai gonar da ka wuce a hanya. Akawunan kansu in sun hango shi sai aiki ya kama su.

Ranar Juma'a Odessa ta ga yana kokawa da wani littafi. Ta tashi ta kama masa, ta ja masa kujera. Da rana ta yi, ta buɗe kwanonta ta raba masa kaza da burodin masara.

To ai ta jawo wa kanta. Awa biyu cur yana zuba, daga alfadarin babansa zuwa alƙalin da ke barci a kan kujera. Ga lokaci na tafiya, ga ranar ƙarshe. Zuciyarta na cewa ta tashi, amma ta ga yadda fuskarsa ta washe don ya samu mai saurare, sai ta zauna.

Can ya tsaya ya ce, "Ni fa na cika ki da surutu. Me kike nema ne, baiwar Allah?"

Ta gaya masa komai, har maganar takalman.

Tsohon ya miƙe zaune. Ya tambaye ta wane wata ne, ta ce wajen Maris na 1951. Ya tambayi ina gidansu yake, ta ce hayin kogi, ta yamma. Sai ya buga tebur har akawu ta leƙo.

"Shekarar ambaliya ce! Ruwa ya tafi da gada, mako shida mutanen hayinku ba su iya shigowa garin nan ba. Mai son aure sai dai ya bi taɓo ya tsallaka zuwa jihar Mississippi, gundumar da ke bakin iyaka. Shi ya sa takalmanta ke hannu. Kina nema a jihar da ba nan aka yi ba."

Murna ta kama Odessa. Ta fara tattara takardunta, ya riƙe ta da magana.

"In sun duba kwamfuta sun ce babu, kar ki tafi. Ki ce a ɗauko miki littafi na biyu. A lokacin littafin auren baƙaƙe daban yake da na farare, kuma ba ko'ina aka gama shigar da shi ba." Ya sunkuyar da kai. "Ni ma na yi rubutu a irinsa ina saurayi. Ban ji daɗin tuna shi ba."

Ya ƙara da cewa makonni kaɗan da suka wuce wani mai tsadadden agogo ya zo neman auren Hargrove ɗin nan. Ya matsa zai taimaka masa, mutumin ya ce, "Baba, bar shi, komai na wayata." Odessa ta san ko wane ne.

Kafin ta fito an kusa tashi daga aiki, Juma'a ta wuce, aka buga riguna ɗari da arba'in babu Lula. Duk da haka, Litinin da sassafe ta tuƙa motarta ta tsallaka iyaka.

Akawun can ta duba kwamfuta ta ce babu. Odessa ta yi murmushi ta roƙi littafi na biyu. Matar ta ɗauki makulli, suka sauka ɗakin ƙasa. Littafin ya yi ƙura, bangonsa ya ɓare. Suka buɗe watan Maris, shafi ɗaya, biyu, uku.

Ga shi nan da shuɗiyar tawada: Cleon Hargrove da Lula Beasley, 17 ga Maris, 1951.

Odessa ta yi kuka, ta yi dariya, ta rungume akawun da ba ta ko san sunanta ba. Sai da ta share ido sannan ta ga layin mai shaida a ƙasa. Aka ba ta kwafi mai hatimi.

Ranar taro fili ya cika, kifi na soyuwa, kowa da rigarsa. Odessa ba ta karɓi lasifika ba, ba ta tara jama'a ba. Gefe ta ja Vernon ta miƙa masa takardar.

Ya gyara tabarau ya karanta sunayen, ya fara cewa ai lokaci ya riga ya wuce. Ta ce, "Ƙanena, karanta har ƙasa."

Mai shaidar Ellis Hargrove ne, mahaifin Vernon. Shi ya raka yayansa cikin taɓon, shi ya sa hannu, sannan tsoron uwarsu ya rufe masa baki har ya koma ga Allah. Vernon ya san rubutun babansa kamar yadda ya san nasa.

Daga nan ya tafi motarsa ya dawo da baƙin alƙalami mai kauri. Shi ya ɗauki lasifikar, ya karanta wa jama'a takardar, ya ce kowa ya yi layi ya juyo masa baya. Fili ya kaure da sowa da tafi. Cikin zafin Yuli, gumi na zuba, Vernon ya bi riguna ɗari da arba'in ɗaya bayan ɗaya yana rubuta Lula kusa da Cleon, da Odessa a ƙarƙashinsu.

Mista Tuggle na zaune a inuwa da farantin kifinsa, don Odessa ta je ta ɗauko shi, ya kuma samu sababbin masu saurare.

Rigar Odessa ce ta ƙarshe. Da Vernon ya gama ya ce, "Yaya Dessa, ki yafe mana." Ta ce ta yafe, ya dai gyara harafin farko na sunan uwarta ya fito sosai.

Darasi: Kar ka raina mutum don tsufansa ko yawan surutunsa, wataƙila abin da kake nema yana bakinsa. In aka ce maka "babu" a ofis ɗaya, ka yi haƙuri ka tambayi wanda ya riga ka sanin wurin. Ku tura wa wanda ya gaji da neman haƙƙinsa, ko zai ƙara ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya.